Jinjina Ga Masu Kwantar Mana Da Hankali

Mutanenmu na Gwarzo da Kabo ba su iya godiya ba. Na faɗa, wanda ya ji haushi ya same ni a gida. Shekara da shekaru hukuma tana ɗawainiya da zukatanmu, tana tare mummunan labari a hanya har sai ya huce kafin ya iso kunnenmu, amma ladan da take samu a wurinmu ƙorafi ne: wai ba a gaya mana ba, wai an makara, wai an ɓoye. To me kuke so a gaya muku? Bawan Allah ya wuni a gona, ya ci tuwonsa, ya miƙe ƙafa, sai a zo a buga masa ƙofa a ce ruwa na tafe? Ina tarbiyya a nan?

Manyanmu sun yi karatu mai zurfi, sun gano abin da ya shige wa likitocin duniya duhu. Ashe ambaliya ba ta kisa, annoba ba ta kisa, guba ma haka. Fargaba ce ke kisa. Shi ya sa suka bar waɗancan ƙananan abubuwa suka tattara ƙarfinsu kaf a kan fargaba, Allah kuma ya ba su sa'a. Ka zaga maƙabartun ƙasar nan tun daga Getso har Garo, ba za a nuna maka kabari ɗaya na wanda tsoro ya kashe ba. Duk waɗanda ke ciki sun tafi da hankalinsu a kwance.

Mai son ganin gwanintar yadda take ya tuna watan Afrilun 2020. Ranar 11 ga wata aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano. Kafin watan ya ƙare, masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartun birni suka fara surutu, wai ba su taɓa ganin gawa tana bin gawa haka ba. Ka ji fa. Mutum don kawai shi ke riƙe da diga da shebur, shi ke karɓar gawar da hannunsa ya sa a rami, wai shi zai gaya wa gwamnati ana mutuwa. Da farko aka nuna cewa zuzuta maganar ake yi. Da abin ya ƙi ɓoyuwa, kwamishinan yaɗa labarai na lokacin, Muhammad Garba, ya fitar da bayani mai sanyaya rai: hawan jini ne, da ciwon suga, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wato cututtukanmu na gida, waɗanda muka san iyayensu da kakanninsu. Haka kawai suka haɗa baki, suka zaɓi 'yan makonni suka yi aikin shekara. A daidai lokacin kuma ɗakin gwajin da ke asibitin Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai jihar take da shi, ya tsaya da aiki na kwanaki. Wannan ma rahama ce. Cutar da ba a gwada ba ai ba a same ta ba, wadda ba a samu ba kuwa ina dalilin tayar wa mutane da hankali a kanta ana bakin azumi?

Abin kunyar, wanda ya kwance wa wannan kyakkyawan shiri zani a kasuwa ɗan garinmu ne. Dakta Nasiru Sani Gwarzo, masanin annoba, shi Abuja ta turo ya jagoranci tawagar da za ta duba lamarin, kuma a farkon Mayu ya nuna wa 'yan jarida cewa alamu sun karkata ga korona. Haba Dakta! Ɗan Gwarzo guda, ka tashi cikin mutane, ka san kunya ka san kara, a aike ka ka duba abu, sai ka faɗi abin da ka gani? Dubi yadda ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya yi nasa cikin natsuwa. Sai a watan Yuni ya kawo lissafi: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce ta kashe su ko ta tayar da ciwon da ya kashe su. A Yuni, jama'a. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, masu takaba sun kusa raba kwanakinsu biyu. Labari ya huce sarai, ba zai ƙona bakin kowa ba.

Lissafin kuma a birni ya tsaya, mu na karkara ba a wahalar da mu da ƙidaya ba. In akwai dattijon da ya je Kano jana'izar amininsa, ya gaisa da mutum ɗari hannu da hannu, ya hau mota a Kabuga ya dawo Kabo ya kwanta da tari, to tsufa ne, Allah ya jiƙansa. Su kuma yaran da suka yi ta ihun babu korona a filin ƙwallo, aka ce jahilci ne ke damunsu. An zalunce su. Ɗalibai ne masu ƙwaƙwalwa, darasin da aka biya musu daga sama shi suka hardace suka mayar.

Mu koma kan damina, don a nan ne fasahar take maimaita kanta duk shekara ba gajiya. A farkon shekara hukumar hasashen yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen ruwan sama, ita kuma NIHSA mai lura da koguna ta biyo da nata na ambaliya, har da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da abin zai fi shafa. A Abuja ake yi, a ɗakin taro mai sanyi, minista ya kama littafin ta nan, shugaban hukuma ya kama ta can, a yi murmushi. Aikin masanan na gaske ne, sau da yawa ma yakan zo daidai. Hatsarinsa ke nan. Da za a bar wannan bayani ya iso wa manomi da zafinsa, ya ji cewa bana ruwa zai makara ko zai ɗauke da wuri, ya san irin da zai shuka da ranar da zai shuka, ai da ya fara lissafi. Talaka mai lissafi kuwa ba ya barci, ba ya kuma barin na sama su yi barci. Don haka aka tanadi matatai a hanya.

Daga Abuja labarin yakan sauko Kano, daga Kano ya gangaro sakateriyar ƙaramar hukuma, inda ake yin taron wayar da kai. Wanda bai taɓa halarta ba ya yi asara. An ce ƙarfe goma, a fara sha biyu da rabi, saboda shugaba yana kan hanya. Ga kujerun roba, ga ƙyalle a bango da rubutun Turanci, ga teburin manya da ruwan roba da lemo, na ƙasa kuma ruwan leda. Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya gaida mai girma shugaba, da mai girma mataimaki, da wakilin hakimi, da kansiloli ɗaya bayan ɗaya, da shugabar mata, da shugaban matasa. Kowa ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Shi kuwa jami'in da ya zo da ainihin saƙon, wanda ya san rafin da zai cika da watan da zai cika, ana miƙa masa lasifika ana kiran azahar. Sai ya ce, a taƙaice dai bana ana sa ran ruwa mai yawa, jama'a su kula. A zagaya da takardar sa hannu, a raba kuɗin mota, a jeru a yi hoto. Hoton nan shi ne gargaɗin. Shi za a liƙa a rahoto, shi zai tashi ya ba da shaida ranar da aka tambaya. Mutumin da gidansa yake bakin rafin ba ya cikin hoton, yana gona yana noman farko, ba kuma wanda ya so ya katse masa aiki.

Abin da yakan tsira daga matatan nan har ya fito a rediyo jimla ɗaya ce, kowa ya hardace ta: ana kira ga mazauna bakin kogi da su koma kan tudu. Ni dai ban san maganar da ta fi wannan mutunta ɗan Adam ba. Ba ta yi maka katsalandan ta ce wane tudu ba. Ba ta ce na wa ba, ba ta ce ran yaushe ba. Ba ta shiga sirrin gidanka ta tambayi yadda za ka yi da rumbu, da awaki, da gyatumarka da ba ta iya taka ƙafa ba, ko wanda zai tsare maka gero in ka tafi. An bar maka 'yancinka cikakke. Kwatanta da mutanen Bangaladesh, bayin Allah marasa sirri. Tun da guguwar 1970 ta kashe musu aƙalla mutum 300,000, suka ɗauki ɗabi'ar tara dubban 'yan sa-kai, a ba su lasifikar hannu da tutoci, su bi ƙauye lungu-lungu suna ihu, suna gaya wa kowa ginin da zai fake a ciki da lokacin da zai tashi. An ce mace-macen sun ragu ƙwarai. To amma dubi hayaniyar.

Kada kuma a ce jimlar tamu ba ta da amfani. Amfaninta yana zuwa ne bayan ruwa ya wuce. Ranar da katangu suka kwanta, gonaki suka zama tafki, sai ta tashi tsaye da ƙarfinta: ai mun gargaɗe su. Su ne suka yi gini a hanyar ruwa, su ne suke zuba shara a magudana, su ne ba sa jin magana. Wanda ya yanka filin, da wanda ya sa hannu, da wanda aka ba kwangilar kwalbatin da ta toshe, duk an rufa musu asiri, don Musulmi ba ya tona asirin ɗan'uwansa. Sannan a zo jaje. Motoci su jeru a bakin titi inda kwalta ta ƙare, manya su tattare babbar riga su taka ɗan taɓo kaɗan, a tsayar da magidanci a gaban ɗakinsa da ya rushe.

"Sannu Malam, ya muka ji da wannan abu?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Ƙaddara ce. Gwamnati tana tare da ku."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

A miƙa masa buhun shinkafa da tabarma da bargo, a ce ya ɗan juyo da fuskarsa wajen mai hoto. Maganar ƙaddara kuwa gaskiya ce, ba mai ja. Sai dai malamanmu na zaure suna karantar da cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da mutanensa, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba. Ga alama wannan babin ba ya cikin manhajar masu rubuta takardar manema labarai, kuma bai kamata mu ɗora musu karatun da ba nasu ba.

Ƙasarmu ƙasar madatsun ruwa ce, tun daga zamanin Gwamna Audu Bako da waɗanda suka biyo bayansa. Ga Guzuguzu a Kabo, ga babbar Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. Sun ba mu noman rani da kifi, mun gode. Je ka sami mai lambun da ke ƙasan kowace daga cikinsu ka tambaye shi, Malam, in bango ya tsage da tsakar dare, wace alama aka ce za a yi maka, ta ina kuma aka ce ka bi? Zai ɗago ya dube ka, ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da ban-ruwa. Ka ga mutumin da aka yi wa tarbiyya. Madatsar Bagauda ta fashe a watan Agustan 1988, ba a bar abin ya zama dalilin firgita jikoki ba. Madatsar Alau ta fashe a Satumban 2024 ta shanye Maiduguri, kwanaki kaɗan bayan jami'an jihar sun je sun duba sun ce babu abin tsoro. Masu baƙin ciki suna kawo wannan a matsayin aibi. Ni kuwa nakan lissafa dararen barci mai daɗi da mutanen Maiduguri suka samu tsakanin ziyarar da ambaliyar. Wa zai biya su wannan da an faɗa musu gaskiya? Hukumarmu kamar maigadi ce mai ladabi, wanda ya ga ɓarawo yana haura katanga ya ƙi yin ihu don kada ya tashi maigida.

Wani lokaci ma gargaɗin yakan zo da ƙarfinsa, da doka da hani, sai dai yakan jira a gama jana'iza, saboda ladabi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, nan kusa da mu, ya ci aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka fito za su Mauludi. Lodi ya yi yawa. Nan da nan aka dakatar da jigila, aka yi maganar bincike. A 2008 an yi irinsa a ruwan nan da 'yan rakiyar amarya. Shekara goma sha uku ke nan tsakani, hukuma tana haƙuri, ba ta so ta tsaya a bakin ruwa tana ƙidaya kawuna kamar ba ta yarda da mutane ba. Haka a 2021 ɗin, da gurɓataccen ɗan tsami ya shiga kasuwannin Kano aka yi ta haɗa lemo da shi, mutane suka fara fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu, sai ga sanarwa ta fito da kyau a daina sha. Kafin nan buhunan sun shigo, sun sauka, an auna, an ƙulla a leda, ba wanda ya tsangwame su.

Akwai masu cewa wannan salon yana da tsada, wai yana cinye amana. Suna kawo tarihin 1996, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya haɗa da yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 ya yi sulhu da jihar Kano kan dala miliyan 75. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne namu ɓangaren. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti, kwamiti ya gama aiki a 2001, aka ɗauki rahoton aka adana shi da kyau, har sai da wata jaridar Amurka ta tono shi a 2006. Shekara biyar ana kare iyaye daga sanin abin da ya sami 'ya'yansu. In wannan ba tausayi ba ne, a gaya mini sunansa.

Wai daga nan ne mutane suka daina yarda. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a dawo ba sai Yulin 2004, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurar tana nan kyauta. Sai a ce wai da an saba gaya wa mutane gaskiya a kan ƙaramin abu, da sun saurara a kan babba. Wannan tunanin masu neman wahala ne. Idan uwa ta ɓoye ɗanta a bayan ƙyaure ranar da masu allura suka zo, akwai bayani mai sauƙi wanda ba ya buƙatar kowa ya duba madubi: jahilci da al'ada. Kalmomi biyu, sun shiga kowane rahoto, kuma suna jawo kuɗin wani taron wayar da kan.

Gaskiya akwai waɗanda suka so ɓata sana'ar. A yaƙi da shan-inna, ga matan nan masu hijabi da aka ɗauka daga cikin unguwanninsu, suna bi gida-gida, su zauna a kan tabarma, uwar gida ta tambaya su amsa, ta sake tambaya su sake amsawa, in ba su sani ba su ce za su tambayo. Masu unguwanni da dagatai da limamai da aka sa a gaba, da marigayi Sarki Ado Bayero da ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a. Da irin wannan naci aka kai 2020, aka ce Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Amma dubi ɓata lokacin! Shekaru ana zama da talakawa ana amsa musu tambaya, kamar su ne suka ɗauki mutum aiki. Alhamdu lillahi ba a bar wannan ɗabi'a ta yaɗu zuwa maganar ruwa da madatsu da sauran abubuwa ba.

Shi ya sa yau, mu da muke iyaka da Katsina, muka kuma san abin da ke faruwa a hayi, labarin tsaro yakan iso mana ta muryar wani ɗan'uwa a WhatsApp da ƙarfe ɗayan dare, rabi gaskiya rabi ƙari, ba mai tace mana. Hukuma takan ja kunne a guji yaɗa jita-jita, kuma tana da gaskiya. Ita ce ta share filin, ta bar shi fayau ba ta shuka komai ba, ya kamata a ce ciyawa ta san girmanta ta ƙi fitowa.

Saboda haka ina ba da shawara dattawan Gwarzo da Kabo su haɗu su karrama bayin Allahn nan tun suna raye. A yi taron a tsakiyar Agusta, a cikin fadamar da ke ƙasan madatsa, inda iska take da daɗi. A kafa musu rumfa a wuri mafi kwari don kada rana ta dame su, a ajiye motocinsu can nesa a bakin kwalta. In hadari ya haɗo daga gabas, mai gabatarwa ya roƙi manyan baƙi su zauna, ana kan shawo kan lamarin. Hanyar fita kuwa, kwamitin shirye-shirye zai zauna a kanta, ya miƙa rahotonsa cikin makonni shida.